Surukina Sarkin Ruwa da Gurbin da Yashi Ya Cinye

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Uban mijina ne, kuma shi ne Sarkin Ruwan garinmu, wanda ke faɗin ranar da za a shiga gulbi kamun kifi da ranar da za a fita, da inda za a ƙetare da inda ba za a taɓa ba. Shekara ashirin da wani abu na yi a gidansa ban taɓa kama sunansa ba, yau ma ba zan kama ba.

An zo gaisuwa fiye da yadda na zata. Masunta sun zo, tsofaffin cikinsu suna share hawaye da hannun riga, matasan suna kallon ƙasa. Mai gari ya zo da kansa ya zauna a zaure, ya ce an yi babban rashi, irin Baba ba a sake yi. Ina cikin gida ina damun furar sadaka ina jin muryarsa. Na tuna sau nawa Baba ya je ƙofarsa ya dawo da maganarsa a baki, na ci gaba da damuna.

Akwai wani madugu, shugaban ayarin fatake da ya daɗe yana bi ta garinmu. Labari ya same shi a kasuwar Malumfashi, ya bar jakunansa hannun mutanensa ya zo a ƙasa da ƙwaryar goro. Da aka yi addu'a aka shafa sai ya ce, "Mutumin nan shi ya tsamo ni daga ruwa. Ni kuma na jawo masa abin da ya fi ƙarfinsa."

Maguzawan tsallaken gulbi su suka zo a ƙarshe. A gabansu akwai abokin Baba tun na ƙuruciya, tsohon da muke kira Baba na Tsallake. An shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin zaure ya dogara da sandarsa, ya ce wa mijina, "Ubanka ya fi ni taurin kai, ya kuma fi ni gaskiya. Ban ga wanda ya amfane shi a cikin biyun ba." Ya juya ya tafi. Matan da suka raka su suka ce da ƙafa ya ƙetare gulbin, ruwa bai kai masa gwiwa ba, alhali kaka ce, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba.

Yaran da aka haifa bayan an kafa zango sun ɗauka haka gulbin nan yake tun asali, shimfiɗar yashi da ɗan ruwa yana bin gefe. Shi ya sa na roƙi wana, wanda ya yi karatu, ya zauna da alƙalami da tawada in faɗa yana rubutawa. Ban iya jera abubuwa bi da bi ba. Abin da ya zo mini shi zan faɗa.

Daga Dayi aka kawo ni amarya. Mu can rijiya muka sani da ƙorama, sai na zo na ga ruwan da in damina ta yi tsakiya mutum zai yi kira daga wancan gaɓa a ji shi da ƙyar. Da rani gulbin yakan tsinke ya zama tafkuna nan da can, su ƙafe ɗaya bayan ɗaya, sai wuri guda a lanƙwasar da ke bayan gari. Shi muke kira gurbi. Yana da zurfin da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, manyan maɗatai da kanya da giyayya sun rufe shi ta gaɓa biyu, ruwansa da sanyi ko a tsakiyar bazara. Duk kifin gulbin nan can yake tsira da rani, can kuma yake zuba ƙwai in ruwan farko ya sauka, a cikin ciyawar burgu da saiwoyin itatuwa. Tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa, har giwan ruwa mai tsawon mutum. Akwai tsohon kada guda, dorina kuma kan zo su yi damina su koma.

Baba gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ba ya ji sosai saboda yawan nitso. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya gangara bakin ruwa, ya ɗebo da tafin hannu, ya sansana, ya kurɓa. Daga nan zai ce, "An yi ruwa a kudu jiya. Kada kowa ya ƙetare bayan azahar." Ga sama garau, mutane su yi ta gunaguni, kafin la'asar sai ka ga ruwa ya taho ja yana ɗauke da kututture.

Tsakanina da shi akwai kunya, kamar yadda aka saba. Ba ya kallon fuskata, ba na ɗaga ido a gabansa. In yana da magana da ni sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa akuyar da ke ɗaure a turke. "Ke akuya, a gaya wa 'yar Dayi yau ba ranar wanki a gurbi ba ce, mai gidan wurin, tsohon kada, ya fito shan rana." Ni kuma in amsa wa akuya, "An ji, an gode."

Lokacin da na haifi 'yata ta fari aka shiga neman itacen wankan jego. Ga itatuwa nan a bakin gulbi taku kaɗan daga gida, amma Baba ba ya yarda a sa musu gatari, ko reshe. Mijina yana gona, Inna, uwar mijina, ƙafa ta hana ta fita. Shi Baba, da sarautarsa da furfurarsa, ya riƙa tafiya dajin da ke wajen Ƙarfi yana ɗauro busasshen itace a ka, kwana arba'in bai tsallake ko ɗaya ba. Yakan jibge a bayan ɗakina ya wuce kamar ba shi ya kawo ba. Ban taɓa samun hanyar yi masa godiya ba. Na dai ƙara man shanu a tuwonsa.

Dokarsa ba ta da yawa. Daga ruwan farko har a gama girbi ba a jefa taru ko homa a gurbi. Ba a sare itacen gaɓa. Ba a shayar da garke sai a mashayar da ya ware can ƙasa. Sau ɗaya a shekara, in rani ya yi nisa, yake buɗe gurbi a yi su, wato kamun kifi na gayya, kwana biyu, gari da tsallake gaba ɗaya, kowa ya tafi da abin da zai ƙyafe ya kai shi damina. In ya ga ƙaramin kifi a homar mutum, da hannunsa yake cirewa ya mayar ruwa. Duk wanda ya zo neman izini kafin lokaci amsa ɗaya yake samu: "Tukuna. A bar su su haihu tukuna." Har matasa suka riƙa kiransa Sarkin Tukuna a bayan idonsa. Ya sani, yakan yi dariya.

A wancan lokacin fatake ba sa ƙetarewa ta gurbi. Akwai tsohon mashigi can ƙasa, tafiyar hantsi zuwa azahar daga gari. A can ake zuba kaya cikin manyan masakai a ɗaura gora, masu iyo su tura zuwa tsallake, dabbobi su bi da iyo. Aiki ne mai cin lokaci, kuma in ruwa ya cika ayari kan yi mako yana jira.

Wata damina madugun nan da na ambata ya iso mashigi da goro daga Gwanja, yana saurin kai shi Kano. Baba ya ce masa ya jira kwana biyu. Madugu ya ce goronsa ya fara lalacewa, kwana biyu zai mai da wahalar wata biyar banza. Ya shiga da takarkarinsa na gaba, san da ke ɗauke da kaya, don ya ƙarfafa wa mutanensa zuciya. Ruwa ya kwashe su tare. Baba ya faɗa ruwa ya bi shi, suka ɓace wa idon kowa, sai can aka ga ya fito da shi riƙe da wuyan riga. Takarkarin ba a sake ganinsa ba. Kwana tara madugu ya yi a zaurenmu yana tarin ruwa, ni nake dama masa kunu.

Mutum ne mai godiya. Duk zangon da ya sauka sai ya ba da labari, ya ce akwai wani gari da Sarkin Ruwansa ya san gulbi kamar tsakar gidansa, wanda ya bi ta can ba zai halaka ba. Da baɗi ayari uku suka zo. Shekarar da ta biyo ban iya lissafa su ba. Masu kanwa da gishiri, masu baƙaƙen tufafin Kano, masu fatu. Mai gari ya sa aka share fili a bakin gulbi aka kafa musu zango.

Sai aka kira Baba fada. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Madugu ya ce ya ga jirage a bakin Kwara, manyan kwale-kwale da ke ɗaukar jaki da kayansa. Ya ce a tsohon mashigi an binne mutum huɗu cikin shekara biyu, ɗaya ɗan ƙanwarsa ne. Jirgi babba kuwa yana son ruwa mai zurfi da gaɓa mai ƙwari, kuma babu irin wannan wuri sai gurbi.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ban ce kada a yi jirgi ba. Ni ma na gaji da tsamo gawa. A yi biyu, a saro itacensu daga daji. A sa mafitarsu a wutsiyar gurbi, ba a tsakiya ba. In ruwan farko ya sauka a ɗaure su wata ɗaya, kifi ya gama zuba ƙwai."

Madugu ya ce, "Sarkin Ruwa, ayari ba ya jiran wata ɗaya. In suka zo suka tarar a rufe, wata hanya za su bi, ba kuma za su dawo ba."

Mai gari ya ce, "Kai ka ga shekarar da fari ya sa muka ci bado da ganye. Zangon nan shi zai hana mu komawa can."

Baba ya ce, "Badon ma a gurbin nan aka haƙo shi, ranka shi daɗe."

Mai gari ya yi dariya ya ce Sarkin Ruwa ya yi gaskiya, duk abin da ya faɗa haka za a yi. Baba ya dawo gida da fara'a. Ranar har ya ce wa akuya miya ta yi daɗi.

Masassaƙa suka zo da rani. Suka je daji suka dawo suka ce jawo gungume daga can sai an yi wata ana wahala, ga maɗatai kuwa a bakin ruwa, ana kayarwa ana sassaƙawa ana turawa. Mai gari ya ce guda biyu kawai za a taɓa. Baba ya ji, ya tashi da sassafe ya je ya zauna a gindin babban maɗacin da ya fi kowanne. Masassaƙa suka zo suka durƙusa suka gaishe shi da ladabi, suka wuce suka sa gatari a na kusa da shi. Ya tashi ya koma gindin wancan, suka koma wani. Ina daga nesa da tuluna ina kallo. Tsoho ɗaya ba ya zama a gindin itace biyu. Babban kuwa sun bar shi har ranar Juma'a, Baba ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar da shi kwance, kansa cikin ruwa.

Bayan Baba ba wanda ya kai mijina sanin ruwa, don haka shi mai gari ya naɗa Sarkin Fito, shugaban masu tuƙa jirage. Mijina ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin ubansa da la'asar, ina tankaɗe a gefe.

Ya ce, "Baba, in ban karɓa ba baƙo za a ba, wanda bai san inda kifi ke kwana ba. Gara ni."

Baba ya ce, "Haka ne. Gara kai."

Bai yi masa baki ba, bai ɗaga murya ba. Amma daga ranar ya daina cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgi ba. In zai je tsallake sai ya rungumi gorarsa ya shiga ruwa, tsoho yana iyo a gefen jiragen ɗansa, fatake suna nuna shi suna dariya. Mijina yakan kau da kai ya ci gaba da tuƙi.

Ba zan ɓoye nawa ba, tunda ina son a rubuta gaskiya. Ni ma na ci zango. Na sayar da tuwo da dambu da soyayyen kifi, na yi awaki, na yi saniya, na aurar da 'yata da kayan ɗakin da uwata ba ta taɓa gani ba. Gari ya cika, an yi kasuwa, an sake ginin masallaci. Kuma tun da aka sa jirage ba a sake binne baƙo a gaɓa ba. Wannan ma gaskiya ne, Baba da kansa yana faɗa. Jirage biyu suka zama huɗu, suka zama bakwai, har ana loda musu dawa da auduga in ruwa ya cika a gangara da su kasuwannin yamma. Wata ɗayan da aka ce za a ɗaure su, shekarar farko an yi kwana goma, ta biyu an yi uku, daga nan ba a sake zancen ba. Kowane jirgi itace ne daga gaɓa. Kowane ayari yana son itacen girki. Jakuna da takarkarai suka cinye burgu da jema har saiwa, suka tattake bakin ruwa ya zama taɓo. Dorina suka zo wata damina, suka yi kwana biyu suka juya, ba su sake zuwa ba.

Mijina ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya hana a ɗaure jirgi a gefen da ciyawa ta rage, ya yi faɗa da masu wanke buhunan kanwa a gurbi. Amma ayari uku in suka haɗu a gaɓa kowa yana ihun a fara da shi, ba mai jin muryar mutum ɗaya.

Abin da ya karya Baba ya faru ne da rani. Wani babban ayari ya sauka, mutane kamar gari guda, kowa yana neman kifi, ga shi Baba bai buɗe gurbi ba. Wasu suka daka magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi, suka zuba a ruwa. Har yau ba a faɗi ko su wane ne ba, ko da yake kowa ya sani. Na je ɗiban ruwa da safe na tarar fuskar gurbi ta yi fari fat da cikin kifi. An kwashe manyan, an bar ƙanana, dubbai, irin waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, iska tana tara su a gaɓa. Baba yana tsaye cikin ruwa iya ƙugu yana ɗebo su da hannu biyu yana dubawa ko akwai mai motsi.

Ya ɗago ya gan ni. Babu akuya a wurin, babu kowa sai ni. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "'Yar Dayi, ara mini masakinki."

Na miƙa masa. Da yammacin ranar da ta gabata na sayi kifi mai arha daga hannun wani ban tambayi inda ya samo ba, na soya na sayar a zango. Ban sani ba ko na wannan ne, ko tun ranar aka fara zuba magimfar a wani lungu. Ban tambaya ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Ya cika masakin da ƙananan kifin ya ɗauka a ka har fada. Mai gari yana tare da manyan baƙi daga ayarin. Baba ya ajiye a gabansa ya ce, "Ranka shi daɗe, ga kifin shekara uku masu zuwa, na kawo maka." Mai gari ya ce subhanallahi, ya ce za a bincika, wanda aka kama zai gane kurensa. Ya sa aka fitar da masakin saboda ƙudaje. Ba a kama kowa ba.

A ranar ce Baba na Tsallake ya zo gidanmu. Su Maguzawa suna girmama gurbin ta tasu hanyar, suna cewa akwai masu shi a ƙarƙashin ruwa, kowace shekara suna yanka musu baƙin bunsuru. Baba bai taɓa shiga wannan ba, bai kuma taɓa hana su ba. Suka zauna a zaure, ina jin su.

Baba na Tsallake ya ce, "Mutanen nan ba sa jin magana, tsoro suke ji. Kai ne Sarkin Ruwa. Fita ka ce masu gurbi sun yi fushi, duk wanda ya sake sa jirgi a tsakiya ruwa zai ci shi. Mu za mu yi yanka mu buga ganga. In ka faɗa za su yarda, don ba a taɓa jin ƙarya a bakinka ba."

Baba ya ce, "To ka ga dalilin da ba zan faɗa ba."

"Ko don ruwan?"

"Ban ga kowa a ƙarƙashin ruwan nan ba sai kifi, ni kuwa na sha nitso a cikinsa. Abin da na gani shi zan faɗa. In an sare itace gaɓa za ta zube, in gaɓa ta zube yashi zai cike gurbi."

"Ka faɗa musu wannan sau nawa?"

Abokinsa ya tashi ya ce, "Zauna da gaskiyarka." Shekara biyu ba su yi magana ba, mutanen da tun suna yara ba sa kwana uku ba su haɗu ba.

Abin da Baba ya faɗa shi ya faru, bai kuwa ji daɗin hakan ba. Damina ta uku bayan an kayar da maɗatai, gaɓar tsallake ta tsage ta rufta, ta tafi da rabin gonar Baba na Tsallake da dawarsa a tsaye. Kowace ambaliya sai ta ƙara yaga, gulbi ya yi faɗi ya rasa zurfi. Gurbin da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, mijina ya sa sandar tuƙi ta taɓa yashi. An ga tsohon kada wata safiya yana tafiya a tudu ya nufi yamma, ba wanda ya tare shi. Shekarar da ta biyo Baba ya buɗe su na gayya, gari da tsallake suka shiga da homa, aka fito da abin da bai cika kwando biyar ba. Bai sake buɗewa ba, ba kuma wanda ya sake zuwa neman izininsa.

Bai zauna ba duk da haka. Ya riƙa tono 'ya'yan giyayya da saiwar jema daga can sama yana dasawa a gaɓa, yana kewaye su da ƙaya. Yakan yi kwana biyar yana dashe, ayari ɗaya ya sauka, jakuna su ture ƙayar su cinye. Ya sake. Na ce wa mijina ya hana shi, ƙafafunsa sun fara kumbura. Mijina ya ce, "Da wane bakin zan hana shi?" Wani lokaci in ba fatake sai in ga su biyu a gaɓa, uba yana dasawa ɗa yana kawo ruwa, ba mai ce wa wani komai.

Da ciwo ya kwantar da shi a farkon daminar bana, Baba na Tsallake ya ji, ya zo da saiwoyin magani a cikin burgami, jakarsa ta fata. Ya zauna a bakin gadon. Ina waje ina jiƙa maganin.

Baba ya ce, "Da na bi shawararka fa?"

Abokinsa ya ce, "Da sun ji tsoro shekara ɗaya, su dawo."

Baba ya ce, "Shekara ɗaya ma wani abu ne."

Daga nan suka koma zancen wata giwan ruwa da suka kama suna samari, wadda ta ja su su biyu har tsakiyar gurbi, kowa yana cewa ɗayan ne ya fara sakin igiya. Na ji Baba yana dariya har tari ya sarƙe shi.

A kwanakinsa na ƙarshe abinci ya ƙi shiga. Ya ce yana marmarin romon tarwaɗa. Mijina ya yi yini biyu da homa bai samo ba. Na je zango na sayi busasshiya daga hannun wani falke da ya taho da ita daga ƙasar Nufe, na dafa na kai. Ya kurɓa sau biyu ya ce, "Wannan ba ta ruwanmu ba ce." Ya sa mini albarka, ya ce a ba yara sauran.

Ana gobe zai rasu ya kira mijina, ya sa aka zuba tuwo ƙwarya ɗaya, ya ce ya sa hannu. Shi loma ɗaya ya iya. Ya ce, "Ban riƙe ka da komai ba. Ka ciyar da gidan nan." Mijina ya fito ya zauna a bayan rumbu, ban bi shi ba.

Yau kwana arba'in da uku. Bana jirage ba su yi aikin wata ɗaya cikakke ba, manyan suna kafewa a yashi ko ruwa yana tsakiyar cika. Huɗu suna kife a gaɓa, yara suna wasa a ƙarƙashinsu. Fatake sun fara bi ta wani wuri can ƙasa, tafiyar kwana biyu daga nan, inda aka ce ruwa yana da zurfi. Zango ya rage bukka kaɗan. Bayan sadakar arba'in mai gari ya aiko a tambayi mijina ko zai gaji rawanin ubansa. Ya ce wa ɗan aiken a yi masa godiya, amma a tambayi mai gari wane ruwa zai sarauta.

Jiya kuma wani ɗan aike ya zo daga wancan sabon mashigin. Mai garinsu yana neman wanda ya san aikin jirgi, zai ba da gida da gona. Mijina ba shi da wata sana'a da zai riƙe mu da ita, gonarmu ta fadama yashi ya binne ta, ga 'ya'ya biyar a gabanmu. Ya tambayi ɗan aiken yadda wurin yake. Mutumin ya ce wuri ne mai albarka, kifi kamar a kama da hannu, dorina har kusa da gari, ga manyan maɗatai a bakin ruwa ba sai an je daji ba.

Mijina ya dube ni, na dube shi. Jibi za mu tashi. Na riga na ɗaure tukwanena.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan da ba ya ƙafewa. Mu da muka rage, Ka yafe mana abin da muka yi da abin da za mu je mu yi.